Sun ce ba magani za su ba shi ba, duba shi kawai za su riƙa yi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 34, muna zaune a Ingila da maigidana da 'ya'yanmu uku, babbar tana da shekara 11. Kimanin shekara biyu ke nan na lura ya canja. Ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya, yatsunsa na motsi kamar mai jan carbi, kofin shayi na suɓuce masa, ga saurin fushi da ban san shi da shi ba. Bara aka gwada jininsa aka ce cutar Huntington ce, kuma gadonta ake yi. Sai muka tuna da mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi shekaru yana rawar jiki a gida ana cewa sammu ne. Yanzu likitansa ya ba mu takardu, wai ya shiga wani bincike mai suna Enroll-HD. Ya ce ba magani za a ba shi ba, sau ɗaya a shekara zai riƙa zuwa a duba shi a rubuta. Shi yana so. Hajiya, mahaifiyarsa, ta kira tana kuka ta ce ba ta yafe ba idan ya bari Turawa suka yi gwaji da shi kamar yadda aka yi da yaran Kano. Ni kuma na kasa ganin amfanin abin da ba zai warkar da shi ba, ina kuma tsoron su tono wani abu game da yarana. Ƙannensa da ke gida har yau ba su san sunan cutar ba. Anti, me zan ce masa?

Wata baiwar Allah, daga Ingila

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba maigida sauƙi, ya jiƙan surukinki, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma a tsakiyarta akwai kalmomi uku da kika ajiye kika wuce da sauri: shi yana so. Zan dawo kansu. Amma bari in fara da Hajiya, tunda ita ce babba, kuma kukanta ba na banza ba ne.

A 1996, lokacin da sanƙarau ya yi ɓarna a Arewa, kamfanin Pfizer ya sauka a Asibitin Zana da ke Kano ya gwada wani magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabinsu aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka shanye. Iyaye suka ce ba wanda ya faɗa musu gwaji ake yi, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar ba maganinsa ba. Aka yi ta jan shari'a har 2009, da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Duk uwar da ta rayu a wancan zamanin, in ta ji an ce Bature zai ɗebi jinin ɗanta ya rubuta a takarda, dole gabanta ya faɗi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Don haka kada ki bari kowa, har maigidan, ya ce mata rashin wayewa ne.

Sai dai abin da take tsoro daban, abin da aka gayyace shi daban. Bincike iri biyu ne. Akwai wanda ake zuba wa mutum sabon magani a jiki a ga abin da zai biyo baya. Wannan shi ne na Kano, kuma shi ne Hajiya ke gani a ranta, a mai da ɗanta zakaran gwajin dafi. Akwai kuma wanda ba a ba mutum komai, ba a hana shi komai, sai dai a riƙa dubawa ana rubutawa. Kin tuna katin awon jarirai? Ki kai yarinya, a ɗora ta a sikeli, nas ta ɗiga alama a kati, ku dawo wata mai zuwa. Sikelin bai taɓa ƙara wa yaro ƙiba ba. Amma saboda an auna dubban yara an rubuta, yau nas na iya kallon kati ta ce wannan yaron ya fara ramewa, tun kafin uwarsa ta lura. Enroll-HD katin awo ne na masu wannan cuta. An fara shi a 2012, wata gidauniya ta Amurka mai suna CHDI ce ke ɗaukar nauyinsa, kuma mutanen da suka shiga sun haura 20,000 a ƙasashe sama da 20.

Ranar zuwa, ga irin abin da zai tarar. Likita zai ce ya bi yatsansa da ido ba tare da ya juya kai ba. Zai ce ya zaro harshe ya riƙe shi waje na daƙiƙa goma, abin da ke da sauƙi a wurinki amma yake wa mai wannan cuta wuya. Zai sa shi ya riƙa haɗa babban yatsa da manuni da sauri, ya yi tafiya a kan layi ɗaya, diddige na taɓa yatsu. Daga nan a zaunar da shi a ba shi takarda: kalmar “ja” an rubuta ta da shuɗin tawada, a ce ya faɗi launin tawadar ba kalmar ba. A ce ya lissafo sunayen dabbobi iya yawan da zai iya a cikin minti ɗaya. A nan, ku gaya musu tun farko cewa Hausa ce harshensa na uwa. Mutumin da zai jero kura, dila, zomo, bushiya, damo da gafiya ba tare da ya numfasa ba yana iya tsayawa yana lalube in an ce da Turanci, kuma ya kamata wanda ke rubutawa ya san haka. Za a tambaye shi yadda yake fama da aiki, da lissafin kuɗi, da wanka da sa kaya. Za a ɗebi jini kaɗan. Shi ke nan, sai baɗi. Maganin da yake sha na rage motsin jiki ko na damuwa zai ci gaba da shansa yadda likitansa ya tsara.

To mene ne amfanin, tunda ba waraka a ciki? Ba zan yaudare ki ba: mai yiwuwa shi da kansa ba zai ci moriyarsa ba. Cutar nan takan bayyana tsakanin shekara 30 da 50, kuma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 tana cin mutum a hankali. Har yau babu maganin da hukumomi suka tabbatar yana tsayar da ita. Waɗanda ake da su na rage rawar jiki ne da damuwa. Wannan jinkirin nata shi ne ya sa neman magani ke da wuya. Zazzaɓin cizon sauro, in ka ba da magani, kwana uku ka san ko ya yi aiki. Cutar da ke tafiyar hawainiya, kuma ta kowa da irin saurinta, ta yaya za ka gane magani ya rage mata gudu in ba ka san asalin gudunta ba? Sai an sami dubban mutane da aka bi shekara da shekaru, an san cewa mai shekaru kaza, mai lamba kaza a jininsa, yakan kai mataki kaza bayan shekara uku.

Lambar da nake nufi tana cikin takardar gwajinsa. A ƙwayar halittar da ke jawo cutar akwai haruffa uku, CAG, da ke maimaituwa a jere. Kowa yana da su, har ni da ke. A yawancin mutane ba su kai 27 ba. In suka kai 40 ko suka wuce, cutar za ta zo in rai ya yi tsawo. Tsakanin 36 da 39 tana iya zuwa, tana iya ƙin zuwa. Yadda aka gano wannan kuwa labari ne na mutane irin maigidanki. Wani likitan Amurka, George Huntington, ya bayyana cutar tun 1872, amma aka yi shekara ɗari ba a san tushenta ba. A 1979 wata masaniya mai suna Nancy Wexler, wadda cutar ta kashe mahaifiyarta, ta fara zuwa ƙauyukan masunta a bakin tafkin Maracaibo a Venezuela, inda cutar ta yi katutu. Shekara bayan shekara mutanen suka riƙa ba da jini suna lissafo kakanninsu, har aka haɗa salsalar mutum sama da 18,000. Da wannan aka gano wurin da matsalar take a cikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam a 1983, aka kama ƙwayar halittar kanta a 1993. Gwajin da ya cire wa surukinki sunan sammu, ko da bayan ransa ne, daga jinin waɗannan masuntan ya fito. Su kuwa har yau talakawa ne, kuma cutar ba ta bar ƙauyukansu ba. Na faɗa miki wannan ɓangaren ne don kada ki ɗauka duk wanda ya bayar yana karɓa.

Abin bai tsaya a tarihi ba. A watan Maris na 2021 aka dakatar da ba da wani magani mai suna tominersen, wanda ake gwadawa a kan kusan mutum 800, saboda bai yi abin da aka sa rai ba. Iyalai da yawa sun yi kuka a ranar. A watan Satumba na 2025 kuma kamfanin uniQure ya sanar cewa wani magani da ake sakawa cikin ƙwaƙwalwa ta hanyar tiyata ya rage gudun cutar da kashi 75 cikin ɗari bayan shekara uku, a cikin mutum 12 da aka ba su maganin da yawa. Mutum 12 kaɗan ne ƙwarai, kuma bayan 'yan makonni kamfanin da kansa ya ce hukumar magunguna ta Amurka ba ta gamsu da hujjar ba, don haka kada ki ɗora buri a kai. Abin da nake so ki lura da shi: da wa aka kwatanta waɗannan 12 ɗin har aka ce cutarsu ta rage gudu? Da bayanan mutanen Enroll-HD, waɗanda ba a ba su komai ba, suka dai riƙa zuwa suna zaro harshe suna tafiya a kan layi.

Kuma mafi yawan waɗanda ke cikin wannan rajista Turawa ne. Da daɗewa ana ɗauka cutar ba ta cika samun baƙar fata ba, alhali a wurare irin namu mai rawar jiki wurin mai ruƙiyya ko boka ake fara kai shi, ba ya shiga lissafin kowa. Akwai ma wata cuta mai kama da ita sak, ana ce mata HDL2, da aka bayyana a 2001, wadda kusan duk masu ita 'yan asalin Afirka ne, kuma tushenta wata ƙwayar halitta ce daban. Idan ma'aunin da za a auna magani da shi gobe babu irinmu a ciki, da awon wasu za a ɗinka wa 'ya'yanmu riga.

Yanzu maganar yara, wadda na san ita ce ke hana ki barci. Shigarsa ba za ta tono komai game da su ba. Ba a sa yaran da ba su kai 18 ba a binciken in ba cutar ta riga ta bayyana a jikinsu ba, kuma ƙa'idar likitoci ita ce ba a yi wa yaro mai lafiya gwajin hasashen wannan cuta, ko da iyaye sun roƙa. Haƙƙinsa ne, in ya girma ya zaɓa, kuma da yawa sukan zaɓi kada su sani. Jinin da ake ɗiba don bincike ma lamba ake manna masa maimakon suna, kuma ba a dawo wa mutum da sakamakonsa. Abin da ya shafi yaranki ya riga ya tabbata tun ranar da aka ba ku sakamakon bara: kowane ɗayansu yana da rabi da rabi, kamar a jefa kwabo sama, kuma na kowa daban ake jefawa. Mu mun saba da lissafin sikila, inda sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita. Wannan ba haka take ba, ɗaya daga cikin iyaye ya isa. Saboda haka kada wani ya ce miki auren zumunci ne ya jawo, ko ya ce da an yi gwaji kafin aure da ke ce za a canja. Wanda kuma bai gada ba, shi da zuriyarsa sun fita.

Akwai wahalar da takardun ba za su faɗa miki da kyau ba. Mutum ya je bana ya kasa abin da ya yi bara a gaban baƙo, ba ƙaramin abu ba ne, balle namiji mai iyali da ya saba shi ake tambaya. Za kuma su yi masa tambayoyi kai tsaye a kan baƙin ciki, da fushi, har da ko ya taɓa jin ya gaji da rayuwa. Mu ba mu saba a tambaye mu haka ba, yana iya jin an ci masa fuska. Ki shirya shi tun a gida. Tambayar tana da dalili, domin damuwa mai tsanani na cikin cutar, kuma tana daga cikin abin da ake iya magancewa. Fushin nan da kike gani ma ki ambata musu, ko da yana harararki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada ku sa wani abu a ranar bayan asibiti; ku dawo gida, ki yi masa abincin da yake so, ki bar shi ya yi shiru in shiru yake so.

Kafin ya sa hannu, ku zauna da ma'aikaciyar binciken ku tambaye ta komai, kuma in kuna son tafinta ku nema, ba alfarma ba ce. Takardar tana da sassa: akwai na dole, akwai na ganin dama, kamar ajiye ƙarin jini, da ba da tarihin dangi, da yarda a kira shi in wani binciken ya taso. Yana iya amincewa da wani ya ƙi wani. Na tarihin dangi ku yi tunani sosai, tunda ya taɓa mutanen da ba a tambaye su ba. Ku sani kuma yana iya fita duk ranar da ya ga dama ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma kulawar asibitinsa ba za ta ragu ba. Sai dai bayanan da aka riga aka raba wa masu bincike ba sa dawowa. In wata rana aka ce ana son ɗibar ruwan ƙashin baya, kamar yadda ake yi a wani bincike mai suna HDClarity, ko aka gayyace shi gwajin magani, wannan sabuwar magana ce da sabuwar takarda, kuma a nan ne tambayoyin Hajiya za su yi aiki sosai. Ke ma, in kina so, ana karɓar matan aure da mazaje a matsayin waɗanda ake kwatantawa da su. Ban ce ki shiga ba. Wadda ke da yara uku da majinyaci ba ta rasa abin yi ba.

Na dawo kan kalmomin nan uku. Cutar nan a hankali take karɓe wa mutum abubuwa: tuƙi, aiki, riƙe kuɗi, daga baya har yanke shawara. Yau maigidanki yana da cikakken hankalin da zai karanta takarda ya ce na yarda ko ban yarda ba. Mutumin da ya ga yadda mahaifinsa ya ƙare, yana kallon 'ya'yansa uku, ya sami abu guda da zai iya yi da jikin da ke ƙin bin umarninsa, ni ba zan cire masa shi daga hannu ba. Ra'ayina ke nan: in ya yi istihara ya ji zuciyarsa ta kwanta, ki mara masa baya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa mana Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma ba a samun magani sai an nema.

Amma kada ya tsallake Hajiya. Binciken ba jirgi ba ne da zai tashi ya bar shi; wata biyu ko uku na lallashi ba za su rage komai ba. Kuma ba ke ce za ki yi wannan magana ba, kin san matsayin suruka, kada gobe a ce ke kika kai shi. Ya nemi wanda take jin maganarsa, ƙaninta ko wani malami ko likita a dangi, ya fara fahimtar da shi, sannan su same ta tare. Kada a ce mata “gwaji”, don ba shi ba ne. A ce mata awo ne, ba allurar magani, ba ƙwaya, kuma duk ranar da ya ga abin da bai gamsu da shi ba zai tashi ya tafi. Ina kuma zargin kukan nata ya wuce maganar Turawa. Matar nan ita ta yi jinyar mijinta shekara da shekaru, ta sha zargi da kashe kuɗin magani, yanzu an ce mata abin yana cikin jinin 'ya'yanta. Wataƙila “ban yafe ba” ita ce kaɗai kalmar da ta samu. A bar ta ta yi kukanta tukuna.

Ƙannensa kuwa, ko ya shiga binciken ko bai shiga ba, suna da haƙƙin su san sunan abin da ya kashe mahaifinsu, domin kowannensu rabi da rabi ne kamar yaranki, kuma wasunsu na shirin aure ko haihuwa. Shi zai faɗa musu, ɗaya bayan ɗaya, ba a zauren WhatsApp na dangi ba, kuma ba tare da ya matsa wa kowa ya yi gwaji ba. Asibitin da ya yi masa gwajin jini yana da masu ba da shawara kan cututtukan gado, kuma sukan taimaka da wasiƙar da mutum zai ba danginsa, ku nema. Ƙungiyar Huntington's Disease Association ta nan Ingila tana da ma'aikata da ke taimakon iyalai, har da yadda ake yi wa yaro ɗan shekara 11 bayani daidai hankalinsa. Babbar 'yarki ta riga ta ga kofin da ke faɗuwa, tana dai jiran wanda zai fara magana. In kuma har yanzu yana tuƙi, doka ta ce ya sanar da hukumar lasisi ta DVLA tunda alamun sun bayyana. Ba lallai a karɓe lasisin nan take ba, amma ɓoyewa na iya jawo tara da matsalar inshora.

In ranar zuwan ta yi, ya sa takalmi mara santsi, ya ɗauki tabaransa in yana amfani da shi, ki haɗa masa sunayen duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya da Hajiya ta aiko. Ki rubuto mini bayan kun yi magana da ita.

Taku, Anti